Iyalin Rodi da Tsohon Unguwarmu

Shekara ashirin da ƴan kai ke nan ina koyarwa a makarantun ƙauyukan gundumar Tasawa, kuma a tsawon wannan lokaci babu gargaɗin da na fi yi wa iyaye kamar su lura da abin da ƴaƴansu ke kallo. Ban taɓa zaton ranar da za a nemi mai laifi a wannan sha'ani ni za a kama ba. Abin ya faru a Urafane cikin azumin 2021, ana tsakiyar bazara. Tun daga lokacin nake son rubuta shi domin ƴan uwana malamai, kunya tana hana ni, har na tuna laifi tudu ne, kuma na daɗe ina taka nawa ina hangen na wasu.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan wani tsoho Bagobiri, wanda iyayensa suka taso da shi daga wajen Mayahi tun yana goye. Ni Baba nake ce masa, yaran unguwa kuwa Kaka, ko da yake ba shi da jika ko ɗaya a garin, domin ƴaƴansa maza biyu sun daɗe da kwashe iyalansu, ɗaya yana Agadas, ɗaya yana Legas. Duk wanda ya kwana uku a unguwarmu zai tafi da labarinsa. Rani da damina yana cikin wani tsohon kwat na soja wanda ba a san inda ya samo shi ba. A hannunsa akwai agogon da ya tsaya tun kafin a haifi ɗana, amma in ka tambaye shi lokaci sai ya dube shi da kyau, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi rana ya faɗa maka. Da almuru yakan fito da kujerarsa ta ƙarfe mai saƙar roba, ya kunna rediyo. In mai labarai ya yi sallama sai ya amsa masa cikakkiya, in kuwa ya faɗi abin da bai gamshe shi ba, sai ya ƙaryata shi, ya kashe akwatin na ɗan lokaci don ya hora shi.

Jakinsa kuwa sunansa Bakatsine. Ba ya kiran sunan da ƙarfi sai ya zo daidai ƙofar gidana: «Bakatsine, ja mana, ragon banza, ci kawai ka iya!» Ni kuma in leƙo in tambaye shi ko har yanzu ba a kama kazar da ta yi tono a kumatunsa ba. Haka muke tun ranar da na tare a unguwar. Wanda ya san ƙasar Maraɗi ya san wannan ba faɗa ba ne. Wasa ne da ke tsakanin Katsinawa da Gobirawa, kowa na kiran ɗan uwansa bawa, kuma ranar da muka wuni bai zage ni ba sai uwargidana ta aika a dubo ko lafiya.

A wannan shekara ce wani sabon abin kallo ya shigo unguwar. Akwai saurayi a bakin kasuwa mai cajin salula da hasken rana, wanda kuma yake tura wa mutane finafinai da waƙoƙi a katin waya, dala ashirin a cika maka. Cikin abin da ya tura wa ƙanen matata har da wasu gajerun zane masu motsi, waɗanda yara ke kira katun. Babu wanda ke jin harshen da ake yi a ciki, kuma babu wanda ya damu, domin abin ba ya bukatar tafinta. Wani yaro ne mai aski ƙwal, ba ya zama wuri ɗaya, da ubansa direban tasi wanda taba ba ta barin bakinsa, da uwa mai ƙarfin hannu, da kaka tsoho tukuf, da maƙwabta kowa da irin tasa wautar. Ana gudu, ana karo, ana faɗowa daga bisa, fuska ta lotse kamar ƙwaryar da aka taka, kafin ƙiftawar ido kowa ya miƙe garau an shiga wata ɓarnar. Bayan an sha ruwa yara kan taru a zaurena, kai goma a kan waya ɗaya, dariyarsu har bakin masallaci.

Daren farko na zo da niyyar korarsu. Na tsaya a bayansu in ga abin da zan hana, sai na ji ni ma ina dariya. Dare na biyu na zo da tabarmata. A dare na uku ne aka nuno tsohon nan na cikin zanen, an banke shi ya yi sama ya dawo ƙasa, ƙafafu a sama. Ni da bakina, ni malamin makaranta, na nuna shi da yatsa na ce: «Kai, ga Kaka nan!» Zauren ya kece. Daga ranar sunan ya bi shi, in an ga tsohon zane a ce Kaka, in an ga Kaka a tuna tsohon zane. Na ji daɗin maganata har na maimaita wa abokan aikina a makaranta.

Daren goma sha biyu ga azumi, lokacin da yara ke yawon tashe, ina zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i na ji ƙarar ƙarfe a ƙasa, sai ƴar gajeriyar dariya, sai shiru. Shirun ne ya tashe ni. Na tarar da Baba kwance a rairayi, ya danne hannunsa na dama, rediyonsa a gefe yana ta magana shi kaɗai. An ɗaura igiyar guga a ƙafar kujerarsa, an ja ta daidai lokacin da ya sunkuya zai zauna. Yara huɗu na tsaye a bakin darni da igiyar a hannunsu, ba su ko gudu ba, kuma na gabansu ɗana ne, mai shekara goma. Muka ɗauki tsohon zuwa ɗaki, aka kira maɗori. Ya ce tsintsiyar hannu ta karye, ƙugu kuma ya bugu, aka ɗaura karan ɗori a daren.

Da na koma gida na ɗauko bulala. Yaron bai yi kuka ba, bai kuma nemi hanyar fita ba. Ya dube ni ya ce: «Ai kai ka ce Kaka ne. Mun ɗauka zai tashi.» Na tsaya da bulalar a sama, daga bisani na mayar da ita inda na ɗauko ta. A daren ban yi barci ba.

Mutum in abu ya cuce shi yakan so ya san sunansa. Na aika wa wani ɗan yayata da ke karatu a Maraɗi guntun zanen, na ce ya bincika mini. Ashe daga Japan ya fito, kuma sunansa Urayasu Tekkin Kazoku. Wani mai zane, Kenji Hamaoka, shi ya fara shi a 1993 a cikin mujallar yara maza ta mako-mako mai suna Shonen Champion. A 1998 aka mayar da shi zane mai motsi a tashar TBS, aka sake yin wani a 2014, har a 2020 mutane suka yi wasan kwaikwayonsa a talabijin. Urayasu gari ne na gaske a gabashin Tokyo, a bakin teku. Da can ƙauyen masunta ne, daga baya aka cike teku da ƙasa aka yi gine-gine, kuma a nan aka buɗe filin wasan Disney na Tokyo a 1983. Na yi mamakin yadda sunan ya yi kusa da na garinmu, Urayasu da Urafane, ɗaya ruwa ya kewaye shi, ɗaya kuwa sai an zurara guga gaba da yawa kafin a taɓa ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ma'anar sunayen. Kalmar tekkin tana nufin rodi, ƙarfen nan da ake sakawa cikin siminti, watau sunan wasan shi ne iyalin rodi na Urayasu. Sunan gidan, Osawagi, in an furta shi daidai yake da kalmarsu ta babbar hayaniya. Yaron sunansa Kotetsu, ƙaramin ƙarfe, uban kuma Daitetsu, babban ƙarfe, kakan ma akwai ƙarfe a sunansa, Kintetsu. Har malamin makaranta akwai a ciki, Harumaki, wanda aka zana da kamar Bruce Lee, kullum aljihunsa wayam, yunwa na ɗawainiya da shi, ɗalibansa sun fi shi wayo. Ƴan uwana da suka taɓa jiran albashi a ƙauye har wata ya ratsa wata za su gane shi ba sai an yi musu bayani ba. Ashe mai zanen tun daga suna ya sanar da masu kallonsa cewa mutanen nan ba nama da ƙashi ba ne. Yaron Japan yana jin wannan da kunnensa. Yaron Urafane hoton kaɗai ya iso masa, sanarwar ta tsaya a hanya.

Kwana uku bayan faɗuwar, mu iyayen yaran huɗu muka bi mai unguwa zuwa ba da haƙuri. Na shirya jawabi mai tsawo. Baba bai bar ni na fara ba. Yana kwance, hannu a ɗaure, ya ce: «Kai Bakatsine, tun kakanninku ba ku taɓa kayar da Bagobiri yana tsaye ba, sai kun jira ya juya baya zai zauna.» Mai unguwa ya yi dariya, sauran suka bi, ni kuwa hawaye ne suka zo mini. Da wannan magana ɗaya ya ɗauke abin daga shari'a ya mayar da shi cikin wasa, ya rufa mini asiri a gaban jama'a. Amma bai yafe kyauta ba. Ya ce damina ta kusa, hannunsa ba zai riƙe sungumi ba, saboda haka gonarsa bana ta yaran nan huɗu ce, tun daga shuka har noman fari da maimai. Sa'an nan ya ce a kawo masa abin da aka ce ya yi kama da shi, ya gani da idonsa.

Ni na riƙe masa wayar. Ya yi dariya har ƙugun ya motsa ya yi salati. Direban tasin ne ya fi burge shi, ya ce ya san irinsa a tashar Tasawa. Da aka zo inda wani ya faɗo daga bene, sai ya ce in tsayar. Ya tambaye ni: «To, ina mutanen unguwar? Mutum ya faɗo haka, ba wanda ya ce masa sannu?» Na ce ai ba ya jin ciwo, na gaya masa ma'anar sunan. Ya yi shiru, can ya ce: «Ashe rodi ne. To ka gaya wa yaranka ni da laka aka yi ni, kamar ɗakina.»

Na daɗe ina juya tambayar nan tasa. Ba na ɗora wa Japanawa laifi. Irin wannan ban dariya na faɗuwa da karo tsoho ne a duniya, shi Charlie Chaplin ya yi tun fim ba ya magana, shi kyanwa da ɓeran Amurka, Tom da Jerry, suke yi tun 1940. Japanawa kuma mutane ne da suka san maƙwabtaka, har suna da wata tsohuwar magana da ke ƙidaya maƙwabtan da mutum ya fi cuɗanya da su, gida uku na tsallaken hanya da biyu na dama da hagu. A cikin zanen kansa akwai abin yabo da ban lura da shi ba sai daga baya. Duk haukan da ake yi, ba a korar kowa daga unguwar. Akwai wani yaro, Jin, wanda shi da uwarsa talauci ya yi musu katutu, amma kullum yana cikin abokansa, ba a wasa sai da shi. Gobe kowa zai fito, a sake haɗuwa, a sake saɓawa. Zo mu zauna, zo mu saɓa, ashe har a bakin tekun Japan haka ne.

Bambancin yana wurin ƙa'ida. Wasan barkwancinmu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun ɗan Adam da sunan Nijar a 2014, ba sakin baki ba ne. Na farko, an san wanda ke wasa da wane: Bakatsine da Bagobiri, Bafillace da Babarbare, jika da kaka, ɗan mace da ɗan namiji. Na biyu, a gaban mutum ake yi, kuma yana da ikon ramawa nan take, shi ya sa ba mai fita da ciwo a zuci. Na uku, wasan yana tafe da nauyi. Taubashin da ka zaga da safe shi za ka fara taimaka wa da maraice, a watan cika-ciki a bi juna kuɗin shara, in rigima ta tashi a gidansa kai ake kira ka kashe ta. Dubi tashen da yaran ke yi a daren da abin ya faru. Yaro ya manna gemun auduga, ya tanƙware baya, ya yi tafiyar tsoho, ya faɗi a ƙofar gida a yi dariya. Jikinsa ya kayar, a gaban tsofaffin da yake kwaikwaya, su kuma in sun ga dama su ba shi hatsi, in ya wuce gona da iri su kore shi. Haka manyan masu ban dariyarmu suka yi. Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, da abokan wasansa na Damagaram a Télé Sahel, da Samanja a Kaduna, da marigayi Ibro wanda ya rasu a 2014, duk kansu suka fara mayarwa abin dariya kafin su taɓa wani.

In na auna abin da na yi da wannan ma'auni, ban da mafita. Ina da ikon wasa da Baba, gado ne. Amma a zaurena na yi, ba ya nan, ba zai iya ramawa ba. Barkwancin da aka yi a bayan ido sunansa gulma. Na kuma yi shi a gaban yaran da suka saba ɗaukar maganata a allo su haddace. Na ɗauki mutum mai rai na liƙa shi a jikin zane, su kuwa suka ƙarasa lissafin da na fara musu.

Wasu abokan aikina sun ce maganin abin a hana kallon baki ɗaya. Ban yarda ba, domin wayar ta riga ta shigo, kuma wanda aka hana a zaure zai kalla a bayan rumbu, inda babu babba ko ɗaya. Abin da na ga ya fi shi ne yaro ya san yadda ake yin abin, domin wanda ya san dabarar mai sihiri ba ya ruɗuwa da ita. A nan na tuna muna da namu gwanin. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara zane mai motsi a Afirka ta kudu da Sahara. Bakanike ne tun farko, ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaru da Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon voyage, Sim, ɗan gajeren fim a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, inda ya yi wa shagulgulan masu mulki dariya shekara shida kacal bayan samun ƴancin kai. Daga baya ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawa irin tamu, ya kuma zauna a Tawa yana aikinsa da ɗan abin da ke hannunsa. Na tambayi ajina wa ya taɓa jin sunansa. Babu hannu ko ɗaya da ya tashi, alhali kuwa duk sun san yaron Urayasu.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba na sa kowane ɗalibi ya kawo tsohon littafin rubutunsa. Na nuna musu yadda ake zana mutum a kusurwar shafi, a sake zana shi a shafi na gaba ya ɗan gusa, har shafi talatin, sa'an nan a saki shafukan da babban yatsa, sai ga shi yana tafiya. Na gaya musu fim ma haka yake, hoto 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Da suka ga sai an yi zane goma kafin mutum ya faɗi, wani goman kafin ya tashi, sai wata yarinya ta ce ashe ba shi ke tashi ba, mai zanen ne ke ta da shi. Ban taɓa koyar da darasin da ya shiga da sauri haka ba. Doka ɗaya na kafa: duk wanda ka zana, sai ka kai masa ya gani, kuma yana da ikon ramawa. Ni suka fara zanawa, da tabarau da ƙaton ciki, ina bin akuyar da ta cinye mini alli. Na rama a allo, ajin ya yi ta dariya har malamin aji na kusa ya leƙo.

Ina roƙon ƙungiyoyinmu na al'adu, masu shirya wasan kwaikwayo da gasar tatsuniya, su dubi wannan fili. Babu unguwar da ba ta da tsoho mai gardama da rediyo, ko mai shayin da ya fi kowa sanin siyasar duniya, ko ungozomar da ke tsoron kaza. Wani mutum a Japan ya shekara fiye da talatin yana zana unguwa ɗaya bai rasa abin faɗa ba. Mu da muke da taubasai da tashe, da harshen da yaranmu za su ji duk abin da aka ce, bai kamata mu bar su da hoton da ba su san ƙa'idarsa ba. Takarda da fensir sun isa a fara.

Gonar Baba ta yi gero a shekarar, ko da yake ya ce layukan shukar sun karkace kamar hankalin Katsinawa. Ɗana ya zana shi a kan jakinsa ya kai masa. Ya sa aka saki shafukan sau biyar, sa'an nan ya ce ba zai karɓa ba sai an sanya wa jakin tabarau irin nawa. Aka sanya. Hannun ya ɗoru, amma da ɗan karkata, kuma in hunturu ya shigo yakan yi masa tsami har ya kasa ɗaura agogonsa. Har yau, in an yi sallar magariba, ɗana ne ke fito masa da kujerar, ya riƙe bayanta da hannu biyu har sai ya zauna. Ban sa shi ba. Kullum kuma sai na jiyo tsohon ta bayan katanga yana cewa: «Riƙe da kyau, ɗan bawana, na san halinku.»